Shekarar da Lagwanina Ya Narke

Lagwani na farko da na saƙa da hannuna, kwana biyu na yi a kansa, amma Goggo Dije ko minti biyar ba ta ɓata ba wajen yanke masa hukunci. Ta zura shi a aci-balbal ɗinta, ta jira ya sha kananzir, ta ƙyasta ashana. Wuta ta kama, ta yi tsalle sau biyu, ta mutu. Sai wani siririn hayaƙi ya miƙe.

"Madalla," in ji ta. "Ka saƙa lagwanin da ba ya cin mai. Marowata za su so ka."

Ina ba ku wannan labari ne, ku samarin da kuke zama a bencin nan kuna kallon hannuna kuna cewa ai zare ne kawai, kowa ma ya iya. Ni ma abin da na ce ke nan. Shekarata ashirin da takwas a lokacin, ga mata ga 'ya ɗaya, na dawo Kademi daga cin rani a Kano ban riƙo komai ba sai kanta a tafin hannu. Gonar gidanmu kuwa, mu shida ne a kanta. Rabona, in akuya ta kwanta a ciki sai wutsiyarta ta shiga na ƙanena. Babana ya dube ni ya ce, "Isuhu, ka tafi Gaya wurin goggonka. Ita dai ban taɓa jin ta roƙi kowa gishiri ba." Goggo Dije ƙanwarsa ce, mijinta ya rasu, ba ta sake aure ba, da kaɗi da saƙar lagwani ta riƙe gidanta. Na kwashe matata Talatu da 'yarmu muka tare a ɗakin da ke kusa da soronta. A raina na ba sana'ar mako biyu in gama da ita.

Wata uku na farko ban taɓa abin saƙa ba. Aikina dafa zare. Ku yi dariyarku, zare ana dafa shi. Iri biyu muke amfani da shi: abawa, wato zare mai kauri da mata ke kaɗawa da mazari, da kuma ragowar zaren auduga da ake sayowa daga masaƙun Kano a buhu. Na masaƙa yana zuwa da sitati, abawa kuma da alli da dattin hannu. In ba ka fitar da su ba, bakin lagwani zai yi gawayi ya toshe, matar gida ta wuni tana datsewa tana tsine maka. Sai a tafasa shi da 'yar kanwa, a ɗauraye sau uku, a shanya har kwana biyu. In da sauran laima a ciki, wuta za ta riƙa tartsatsi. Ni, ƙato da gemu, ina tsugune gaban tukunya ina juya zare da muciya kamar mai talge. Abokaina suka sa mini suna Isuhun Goggo. Su yi mini dariya da la'asar, su koma gida su ci tuwo a hasken zaren da na dafa.

Kowane zare ya shigo gidan, gwaji biyu ake masa. Na farko gwajin mai: ka tsoma bakin sili a murfin kwalba mai kananzir, ka ga yadda man ke hawa. Na biyu gwajin wuta: ka kunna masa ashana. Auduga ta gaskiya a hankali take ci, warinta kamar na takarda, ta bar toka mai laushi wadda in ka hura sai ta tashi. Goggo ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba, ko da zaren daga mazarinta ya fito. Na taɓa ce mata, "Goggo, wannan ai ke kika kaɗa shi." Ta ce, "Ni na kaɗa, amma ba ni na shuka ba."

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Guntun katako ne mai rami a tsakiya, an kafa masa ƙusoshi shida a baki. Sai tsinke da aka yi da wayar ƙafar keke, an lanƙwashe bakinsa. Kana zagaya zare a kan ƙusoshin, kana ɗago na ƙasa da tsinke kana tsallakar da shi kan na sama, saƙa tana fita ta ƙasan ramin, an ɗaura mata ɗan dutse yana janta. Wannan saƙar riga ce kawai. A cikinta akwai hanji, silin abawa a miƙe, shi ke ɗauko mai daga ƙasa ya kai wa wuta. Riga riƙe hanji take yi. Lagwanina na farko na matse rigar har mai ya rasa hanya. Na biyu na sassauta, ana kunna shi ya zame ya faɗa cikin gwangwani. Goggo ta ce, "Ɗaurin akuya ne, Isuhu. Ka matse ta shaƙe, ka sassauta ta ci gonar mutane." Tsakanin matsewa da sassautawar nan na shekara biyu. Babu ma'auni, yatsa ne ke sani, kuma yatsa ba ya karatu da sauri.

Kowace fitila da nata lagwanin. Na aci-balbal siriri ne, shi masu tsire da masu tireda da makarantun allo ke saye. Na risho ya fi kauri, kuma jeri ake sayar da shi, takwas ko goma ko goma sha biyu, gwargwadon bututun da rishon ke da su. Dole su zo kai ɗaya. In guda ya fi sauran kauri sai ya cije, a murɗa a murɗa ya ƙi tasowa, wuta ta yi ja a gefe guda, gindin tukunya ya yi baƙi. Na fitilar ƙwai faffaɗa ne, shi da kwarashi Goggo ke yi, ban taɓa kamo ta a kansa ba.

Ranar da na fara shimfiɗa tabarmata a kasuwar Gaya, wani mai shayi na tasha ya sayi jerin goma. Bayan mako ya dawo yana huci.

"Mai lagwani, lagwaninka mashayi ne! Kwalba guda yake shanye mini kafin hantsi."

Na ce, "Wutar ta yi kyau?"

"Shuɗiya shar."

"Shayin yana tafasa da wuri?"

"Nan da nan."

"To me ya rage?"

"Ni so nake ya yi wutar amma kada ya sha man."

Na ce masa in ya sami mai saƙa irin wannan ya gaya mini, ni ma zan saya. Haka masu sayenmu suke. In mai kananzir ya haɗa da ruwa, lagwani ne ba kyau. In risho ya tsufa ya yi tsatsa, lagwani ne. In miya ta yi ƙauri saboda matar gida ta tsaya hira a katanga, nan ma lagwani ne. In kuwa komai ya tafi daidai, sai a ce rishon nan mai kyau ne. Ban taɓa jin wanda ya ci abinci ya ce Allah ya yi wa mai lagwani albarka ba. Ga kuma abin da ya fi: in ka yi aiki nagari, lagwaninka ya daɗe, mai saye ba ya dawowa sai bayan wata da watanni. Wannan ce sana'ar da iyawarka ke korar maka ciniki.

Duk da haka mun ci abinci. A wancan zamanin ba a kai amarya ɗaki ba risho, ko da da itace za ta yi girki har ta tsufa. Da an cire amfanin gona, aure ya kankama, sai ka ga iyayen amare a kaina, daga Gaya har Ajingi, inda nake zuwa duk ranar kasuwarsu. A shekara ta shida na sayo injin hannu a Kano, tsoho, mai allurai shida da ke zagayawa in ka juya mariƙi. Abin da nake saƙawa a mako sai ya gama kafin azahar. Na sayi babur, na ajiye tumaki. Masu ce mini Isuhun Goggo suka koma Malam Isuhu. Goggo ta zagaya injin nan tana kallonsa kamar baƙon da bai yi sallama ba, ta sa masa suna Gaggawa. Ta ce, "Yana da sauri, amma bai san zare ba. Duk abin da ka ba shi haɗiyewa zai yi." Na ɗauka kishi ne irin na tsofaffi.

Yanzu ga shekarar da nake son ku ji. Masaƙun Kano sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, ragowar zare ta yi wuya. Masu noman auduga a wajenmu sun koma gyaɗa da riɗi, matan da ke kaɗi kuma sun tsufa, 'ya'yansu ba su gada ba. Kaka ta yi, aure ya taso, ga masu saye, ba zare. Na shiga Kano na wuni ina yawo, sai wani dillali ya ja ni lungu ya buɗe mini buhu. Ban taɓa ganin zare mai kyan wannan ba. Fari fat, sumul, ba ƙulli ba datti. Ya ce auduga ce ta ƙasar waje, su can har audugarsu ta fi tamu wayewa. Ga araha. An ce araha ba ta ado, amma wannan ta yi ado har da kwalli. Na kwashi buhu uku.

Goggo ba ta nan, ta tafi Balan zaman jegon jikarta, sai an yi arba'in za ta dawo. Na yi gwajin mai, kananzir ya hau zaren nan a guje, ban taɓa ganin hawa irin wannan ba. Na ce to me ya rage? Ashana tana aljihuna, ban ciro ta ba. Ban ma dafa shi ba, don ba abin da za a wanke. Na ɗora wa Gaggawa, ya haɗiye, kamar yadda aka faɗa. Cikin mako uku farin lagwanina ya shiga gidaje daga Gaya zuwa Ajingi da ƙauyukan tsakani. Mutane har yaba shi suke, karo na farko a rayuwata. Wata tsohuwa ta ce kamar kada a kunna shi don kyau. Da an bi shawararta da an huta.

Ranar kasuwar Ajingi, ina cikin shimfiɗa kaya sai na ga mutane suna tururuwa zuwa ƙofar gidan wani mai unguwa. Na tambaya, aka ce gobara aka yi jiya da rana a ɗakin wata amarya, kwananta tara da tarewa. Ta ɗora girki a sabon risho, wuta ta koma cikin tankin mai, ya yi bindiga. Labule ya kama, katifa ta kama, kwanukan jere suka ƙone. Maƙwabta suka kashe da ƙasa da ruwa. Ita ta tsira, amma hannunta na dama ya ƙone har gwiwar hannu. An kuma kama mai laifi.

Na bar kayana wurin maƙwabcina na tafi kallo, kamar kowa. Mai laifin Bala ne, mai sayar da kananzir a bakin kasuwa, yana zaune a ƙasa ba hula. Duk garin an san Bala yana ɗan tsarma wa kananzir fetur in fetur ya fi araha, don haka ba wanda ya tsaya dogon bincike. Yana ta rantsuwa, ana ta ce masa ya saba. Uban amarya yana tsaye yana cewa sai an kai shi wurin 'yan sanda. An ajiye ƙonannen rishon a tsakiya don shaida. Na matsa na leƙa. A bakin kowane bututu akwai wani baƙin ƙulli, mai tauri, mai sheƙi, kamar kashin akuya. Auduga ba ta barin wannan. Bututu biyu kuwa fayau suke, lagwanin ya tsuke ya zame ciki, ya bar wa wuta ƙofa.

Zan so in ce muku nan take na ɗaga hannu na ce jama'a ku saki bawan Allah. Ban yi ba. Lagwani ba a rubuta masa suna. Na ja da baya a hankali, har ina taya mutane girgiza kai. Mai unguwa ya ce a dawo gobe da hantsi, in Bala bai amsa laifinsa ya ɗauki gyaran ɗaki ba, hukuma za ta karɓe shi. Na naɗe tabarmata tun kasuwa ba ta cika ba. Maƙwabcina ya ce lafiya? Na ce ciki ne. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Da na isa gida na shiga bayan ɗaki na yanko farin lagwani na yi abin da ya kamata in yi tun mako uku da suka wuce. Ashana ɗaya ta isa. Ya tsuke, ya nannaɗe, ya yi baƙin hayaƙi, ya ɗigo mini a babban yatsa. Ga tabon nan, ku duba. Roba ce aka kaɗa ta zama zare, da 'yar auduga kaɗan don ta rufe ido.

Ashe Goggo ta dawo daga Balan da azahar, tana ɗakinta tana hutawa. Sai na ji muryarta.

"Wa yake ƙona leda a gidan nan?"

Ta fito ta same ni da yatsa a baki. Ta dubi abin da ke ƙasa, ta dubi buhunan, ta zaro sili guda ta ja shi. Bai tsinke ba.

"Ka gwada shi da wuta kafin ka saƙa?"

"Na gwada da mai, Goggo. Ki ga yadda yake hawa..."

"Ba mai na tambaye ka ba."

Na amsa cewa ban gwada ba. Daga nan na gaya mata na Ajingi, don na san in ban faɗa ba kasuwa za ta kawo mata har gida. Na ƙara da cewa ai an riga an kama Bala, kuma Bala kowa ya san halinsa, ko bai yi wannan ba ya yi wani.

Ta ce, "Halinsa nasa ne, shi da Ubangijinsa. Wannan wutar ta wace ce?"

"Goggo, in aka ji, ba mai sake sayen ko sili a hannunmu."

"Gidaje nawa ka kai wa?"

Na ce ban ƙirga ba.

"To kowanne da mace a gaban risho, wata da goyo. Ka sha mai a babur, gobe da ni za ka."

Da hantsi muka isa, tsohuwa a bayan babur da ƙullinta a cinya. An taru, har an fi jiya. Ta durƙusa ta gaida mai unguwa, ta ce, "Allah ya taimake ka, ina roƙon a ba ni kananzir daga jarkar mutumin nan, wanda aka ce shi ya yi ɓarna." Aka kawo. Ta kwance ƙullinta ta fito da aci-balbal biyu, ta zuba musu man daidai. Ɗaya ta sa masa lagwanin da ta saƙa da abawarta, ɗaya ta sa masa nawa. Ta kunna duka biyun ta koma gefe ta zauna.

Nata ya tsaya cak yana ci. Nawa, don ya ƙara mini, sai da ya fara da wuta mai kyau, har wani ya ce to ai ga shi lafiya lau. Can sai ya soma hayaƙi, bakinsa ya dunƙule, ya tsuke, ya sulale cikin gwangwani, wuta ta bi shi, fuu. Mutane suka watse baya. Wani ya kife shi da ƙasa.

Goggo ta ce, "Mai ɗaya ne, Allah ya taimake ka. Lagwani ne daban. Wannan farin daga gidana ya fito. Ga wanda ya saƙa shi nan, ɗan wana ne, yana da baki."

Duk ido ya dawo kaina. Na ce, "Ni ne." Iyakar jarumtar da na yi a wannan magana ke nan, kalma biyu, su ma sai da aka kawo ni a gaba kamar rago.

Uban amarya ya yi kaina, aka riƙe shi. Mai unguwa ya ce tun da mun kawo kanmu ba sai an je hukuma ba, amma ɗaki zai koma yadda yake, da maganin yarinya, duk a wuyana. Ya kuma ce in bi duk inda na sayar in karɓo. Tumakina suka tafi, babur ya bi su. Goggo ta shiga ta duba amaryar, ta daɗe a ciki. Daga ranar duk mako sai ta hau mota ta je Ajingi da ƙullin magani da 'yar dafaffiyar kaza, har hannun ya warke. Ya warke, amma yatsu biyu ba su ƙara miƙewa sosai ba. Wannan ba tunkiyar da ta biya shi.

Bala kuwa, da aka sallame shi ya karkaɗe rigarsa ya ja ni gefe. Na zaci godiya zai yi, ko zagi. Sai ya rage murya ya ce, "Wallahi Malam Isuhu, ni har na yarda nawa ne. Tun jiya nake tunanin wace jarka ce."

Sati biyar na yi a kan keken aro ina bin ƙauyuka, Kademi, Balan, da duk wani lungu da na san kayana sun shiga, ina tsayawa a ƙofar gidaje ina cewa mai farin lagwani ya fito da shi a canja masa. Na canjin Goggo ce ta saƙa da hannu, da 'yar abawar da ta tara. A nan na san yawan masu sayen kayana ya wuce yadda nake zato. Mutanen da ban taɓa gani ba suka riƙa fito mini da tsumma, da igiyar guga, da lagwanin da ya girmi aurensu, kowa ya ce a wurina ya saya. Wata kuma ta ƙi ba da nata, wai ta ajiye wa 'yarta don ya fi kyau, sai da mijinta ya sa baki. Sunana ya sake canjawa, na koma Isuhu Gobara. In na shimfiɗa tabarma a kasuwa, mata su ja 'ya'yansu su zagaye. Har damina ta faɗi ban yi cinikin kirki ba. A shekarar nan ƙodago na yi a gonakin mutane, ni da na yi babur.

Farin lagwanin da na karɓo, da wanda ban kai ga sayarwa ba, ya cika buhu biyu, ga sauran zare buhu guda. Ba ya ƙonuwa sai wari, ba ya ruɓewa, gara ma ta ƙi shi. Talatu ta ja guda ta yi igiyar shanya, ta yanki wani ta ɗaure akuyar maƙwabta da ke shigo mana. Rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, ko gezau.

Ana saura wata guda Babbar Salla, Garba Tela, mai shago a bakin titi, ya shigo soro ya fake wa ruwa. Ya ga wani guntu a rataye a ƙusa, ya ɗauka yana wasa da shi. Ya ja, ya naɗe a hannu biyu ya ja da ƙarfi, ya taka da ƙafa ya ja.

"Malam Isuhu, wannan fa?"

"Shi ne wanda ya kashe ni."

"Kana da shi da yawa?"

"Ko kyauta ka ce, in haɗa maka da godiya."

Ya ce, "Kai, ka san wahalar da nake sha wajen tazuge? In yanki ƙyalle, in ninke, in ɗinke, in juya, yadi ya tafi, lokaci ya tafi, bayan wata biyu mai wando ya dawo ya ce ya tsinke masa a sahun salla. Wannan ko jaki aka ɗaura wa ba zai tsinka ba."

Ya ɗauki buhu guda a ranar. Kafin Salla ya dawo ya kwashe na biyun, da wasu teloli biyu a bayansa. Na kakkaɓe wa Gaggawa ƙura na ɗora masa ragowar zaren. Bayan Salla na koma Kano ina neman dillalin nan da na yi wata da watanni ina tsine wa. Da ya hango ni ya nemi hanyar gudu. Na ce ya tsaya, buhu biyar nake so.

Sauran kun gani da idonku. Kananzir ya yi tsadar da talaka ya sallama shi. Tocila mai caji ta zo, sola ta zo, masu hali suka koma gas, marasa hali suka koma gawayi. Amaren yanzu ba su san yadda ake zura lagwani a risho ba. Masu sana'ar da na sani, waɗanda ba su taɓa tsallake gwajin wuta ba, ba su taɓa ƙona ɗakin kowa ba, duk sun naɗe tabarma. Ni da na yi ɓarnar, injina bai tsaya ba. Har yau ina saƙa lagwanin auduga kaɗan, don 'yan tsofaffi da masu shayin da suka ƙi rabuwa da risho, kuma kowane zare sai ya ga ashana, ko na wane ne. Amma abincin gidana daga ƙugun mutane yake fitowa. In kun ce ku gane hikimar wannan, ku tambayi malamai, ni ban gane ba.

Goggo ta ga farkon abin kafin ta rasu. Wata Salla, ƙafa ta riga ta hana ta fita, na shimfiɗa mata tabarma a bakin soro tana kallon maza suna wucewa zuwa Idi, kowa da sabon ɗinki yana taƙama. Na tsuguna kusa da ita, na ce, "Goggo, kin ga mutanen nan? Rabinsu ni na riƙe musu wando."

Ta bi su da kallo har suka sha kwana. Sannan ta ce, "Ikon Allah. Shekara goma sha biyu ina fama in koya maka haska ɗakin mutane, ashe kai riƙon wando aka halicce ka dominsa. To ka riƙe da kyau, Isuhu. Wannan in ya kuɓuce maka a filin Idi, ba zan hau babur in je in yi bayani ba."